Maɓallin Impr écran: yadda ake ɗaukar kaptur a kwamfuta da waya, da abin da ya kamata a kiyaye

 Bayanin namu na yau a kan kaptur ne, wato hoton abin da gilashin kwamfuta ko na waya yake nunawa. Mu a nan Nijar mun ɗauko sunan daga Faransanci, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suna cewa sikirinshot. Duk abu ɗaya ne.

Yanzu kaptur ya shiga harkokinmu na kullum. Wanda ya turo kuɗi gida yakan aiko da shi don a san ya turo. Yaron da ya ga sunansa a sakamakon BEPC ko BAC yakan ɗauka ya aika wa iyayensa. Ɗalibin da ya yi rajista ta intanet yakan ajiye shi saboda gudun gardama. Saboda haka yana da kyau mu san yadda ake ɗaukarsa, inda yake zuwa bayan an ɗauka, da kuma iyakar abin da za a iya dogara da shi a kai.

Ina maɓallin yake?

A kilabiye, wato jerin maɓallan da ake rubutu da su, ku duba layin sama ta hannun dama, bayan maɓallin F12. A nan yake zaune. Sunan da aka rubuta a kansa ya danganta da inda kwamfutar ta fito. Wadda ta zo daga ƙasashen da ke amfani da Faransanci, wadda haruffanta na farko suke AZERTY, za ku ga an rubuta Impr écran, ko Imp écr a taƙaice. Wadda ta shigo ta Najeriya, mai haruffan QWERTY, an rubuta Print Screen, ko PrtSc, ko PrtScn, ko Prt Scr. A yankinmu duka biyun suna nan, don haka kada bambancin rubutun ya ruɗe ku. Aikinsu ɗaya.

Wasu maɓallan da za mu ambata su ma suna da suna biyu. Wanda ake kira Shift, shi ne Maj a Faransanci, kuma sau da yawa kibiya ce kawai mai kallon sama aka zana a kansa. Maɓallin Windows shi ne mai alamar taga, a layin ƙasa tsakanin Ctrl da Alt. Su Ctrl da Alt sunansu ba ya canzawa. Haruffan V da S da za mu yi amfani da su, wurinsu ɗaya ne a kilabiye iri biyun.

Me ya sa ake ce masa maɓallin bugawa?

Ma'anar sunan, ko da Turanci ko da Faransanci, ita ce a buga abin da ke kan gilashi. Asalin abin tun 1981 ne, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta ofis da gida. A wancan zamani rubutu ne zalla yake fitowa a gilashi, layi 25, kowane layi yana ɗaukar harafi 80. Idan mutum ya danna maɓallin, kwamfuta sai ta tura wannan rubutun kai tsaye zuwa na'urar buga takarda, ya fito a kan takarda.

Da Windows ya zo da hotuna da tagogi, sai aikin maɓallin ya sauya, amma sunan ya zauna. Yau idan kun danna shi, na'urar buga takarda ba za ta motsa ba, ba za a ci muku tawada ko takarda ba. Hoto kawai yake ɗauka.

Abin da ke faruwa idan an danna

Duk abin da kuke gani a gilashi, ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu launi da aka jera. Ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsaye tana da ɗigo 1,049,088. Mai 1920 da 1080 tana da 2,073,600. Idan an danna Impr écran, kwamfuta tana kwafe launin kowane ɗigo kamar yadda yake a wannan daƙiƙar. Shi ya sa kaptur yake fita tas, ya fi hoton da ake ɗaukar gilashin kwamfuta da kyamarar waya, wanda yakan zo da layuka-layuka da hasken taga, har a kasa karanta lambobi.

To ina hoton yake zuwa? A nan mutane da yawa suke rikicewa, domin sun danna ba su ga komai ya canza ba, sai su ce maɓallin ya lalace. Bai lalace ba. Hoton ya shiga wata ma'ajiya ta wucin gadi da ba a ganinta, wadda ake kira presse-papiers a kwamfuta mai Faransanci. Ku ɗauke ta kamar allon ɗan makaranta: rubutu ɗaya yake riƙewa, kuma kafin a yi sabo sai an wanke na baya. Idan kun sake danna maɓallin, ko kun kwafi wata kalma, hoton farko ya tafi. Idan aka kashe kwamfutar, ko wuta ta ɗauke, shi ma ya tafi.

Don haka sai an sauke shi a wani wuri. Ku buɗe Paint ko Word, ku riƙe Ctrl ku danna V. Hoton zai bayyana. Daga nan ku riƙe Ctrl ku danna S, ku ba shi suna, ku zaɓi inda za ku ajiye. Sai a lokacin ya zama naku. Idan WhatsApp kuke amfani da shi a kwamfuta, kuna iya yin Ctrl da V a wurin rubuta saƙo, hoton ya shiga kai tsaye.

Hanyoyin ɗauka a Windows

Impr écran shi kaɗai: yana ɗaukar gilashin gaba ɗaya ya sa a ma'ajiyar wucin gadi. Idan gilashi biyu aka haɗa wa kwamfutar, duka biyun zai ɗauka.

Alt da Impr écran: yana ɗaukar tagar da kuke aiki a kanta kawai, ya bar sauran. Wannan ya fi dacewa idan akwai wasu abubuwa a buɗe da ba ku so a gani.

Windows da Impr écran: gilashin zai ɗan dushe kamar ƙiftawar ido, hoton kuma ya ajiye kansa ba tare da kun buɗe Paint ba. Za ku same shi a jakar Images, cikin Captures d'écran. A kwamfuta mai Turanci, jakar Pictures ce, cikin Screenshots. Wannan hanya ta fara ne da Windows 8 a 2012, don haka ba ta aiki a Windows 7.

Windows da Maj da S: gilashin zai yi duhu-duhu, sai ku ja linzami, wato suri, ku zagaye daidai wurin da kuke so. Tana aiki a Windows 10 da 11. A ganinmu wannan ita ce hanyar da ta fi kowace amfani, domin abin da kuka zaɓa ne kawai zai fita.

Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 su nemi manhajar Outil Capture d'écran, ko Snipping Tool da Turanci. Tana nan tun Windows Vista na 2007, kuma tana barin mutum ya yanki wurin da yake so. A Windows 11 kuma, tun 2023, danna Impr écran shi kaɗai yakan buɗe wannan manhajar maimakon ya ɗauki hoto shiru. Idan kun ga haka, ba matsala ba ce, sabon tsari ne.

Akwai kuma Windows da V, wanda ke nuna jerin abubuwan da aka kwafa a baya, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ya zo a Windows 10 a 2018, amma sai an kunna shi tukuna yake fara ajiyewa.

Idan ya ƙi aiki

A kwamfutar hannu wuri ya yi kaɗan, don haka akan haɗa wa maɓalli ɗaya aiki biyu. Idan kun ga an rubuta Impr écran da ƙananan haruffa, ko da wani launi, ko cikin ɗan akwati a ƙarƙashin wani suna, to ku riƙe maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu sannan ku danna shi. Idan maɓallin ya mutu saboda ƙura ko tsufa, Windows da Maj da S za ta wadatar. Akwai kuma kilabiyen da ke fitowa a kan gilashi, Clavier visuel, wanda shi ma yana da wannan maɓalli a jikinsa.

Kwamfutocin Apple ba su da maɓallin sam. A wurinsu ana riƙe Cmd da Maj a danna 3 don ɗaukar gilashi duka, ko 4 don yankar wani wuri, hoton kuma ya sauka a kan teburin gilashi. Masu Ubuntu kuwa maɓallin yana aiki a wurinsu.

Wani lokaci kuma za ku ɗauka ku ga baƙi ƙirin. Wasu manhajojin banki da na kallon fim da gangan suke hana ɗauka. Haka WhatsApp yake hana ɗaukar hoton da aka aiko don a gani sau ɗaya. Wannan kariya ce aka sa, ba lalacewa ba.

A waya fa?

Mun san yawancin masu sauraronmu waya ce a hannunsu, ba kwamfuta ba. A wayoyin Android, irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung, ku danna maɓallin kunnawa da na rage murya a lokaci ɗaya, ku ɗan riƙe. Gilashin zai yi walƙiya. Wannan tsari yana nan tun Android 4.0 na 2011. Da yawa daga cikin Tecno da Infinix suna kuma ɗauka idan an ja yatsu uku daga sama zuwa ƙasa, in an kunna hakan a saiti. A iPhone mara maɓallin tsakiya, maɓallin gefe ne da na ƙara murya. A tsofaffin masu maɓallin tsakiya, shi ake dannawa tare da na kunnawa.

Bambancin waya da kwamfuta shi ne, waya tana ajiye hoton da kanta a inda hotuna suke. Wannan sauƙi ne, amma ku tuna duk wanda ya ari wayarku ya shiga hotuna zai gan shi.

Abin da kaptur ba ya ɗauka

Abin da ke bayyane a gilashi kawai yake ɗauka. Idan jerin sunaye yana da tsawo, abin da ke ƙasa wanda ba ku gangara kun kai ba, ba zai fito ba. Sai ku gangara ku sake ɗauka, ku tabbatar kan takardar, inda sunan jarrabawa ko na ofis da kwanan wata suke, ya fito a ɗaya daga ciki. Suna shi kaɗai a tsakiyar farin wuri ba ya nuna komai.

Idan takarda ce mai muhimmanci, kamar shaidar rajista ko rasit, kuma shafin ya ba da damar sauke ta a matsayin PDF, to ku sauke, ya fi kaptur. Idan bai bayar ba, ku riƙe Ctrl ku danna P, a wurin zaɓen na'urar bugawa ku zaɓi ajiyewa a PDF. Ta haka shafin duka zai fito.

Wajen aikawa kuma, WhatsApp yakan matse hoto don ya rage cin mega, ƙananan lambobi su dushe. Idan lambobin ne ake bukata, ku aika shi a matsayin Document, zai isa yadda yake.

Kaptur ba kuɗi ba ne

Nan ne muke so ƴan kasuwa da masu jiran saƙo daga waje su buɗe kunne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a kan kaptur sai an yi hattara da wannan magana. Kaptur hoto ne, kuma hoto ana iya gyara shi. Wanda ya iya Paint kaɗan zai iya goge jika 5 ya rubuta jika 50. Ana iya canza suna, ana iya canza kwanan wata, ana iya ɗauko tsohon rasit na watan jiya a sake turo shi yau. Babu hatimi a jikinsa da zai nuna an taɓa shi.

A ce mutum ya sayi buhun gero ko ɗan akuya a kasuwa, ya nuna maka waya ya ce ga shi na tura. Abin da ka gani a wayarsa ya nuna maka abin da wayarsa ke nunawa ne kawai. Shaidar da za ka dogara da ita tana cikin taka wayar: ka shiga asusunka da kanka, ko Airtel Money ne ko Moov Money ko MyNita ko na banki, ka ga kuɗin sun ƙaru. Kada ma ka tsaya a kan saƙon da ya shigo, domin ana iya rubuta saƙo mai kama da na kamfani a turo daga wata lamba. Ragowar kuɗin da ke asusun ita ce magana. Idan ya ce rezo ne ya riƙe, to kaya ma su jira rezo. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Haka abin yake ga labarai. Hoton wata sanarwa da aka ce daga gwamnati take, ko hoton hira da aka ce wane ne ya faɗa, yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙirƙira, yana kuma iya zama an yanke farkon maganar da ƙarshenta an bar tsakiya. Kafin ku tura wa wani, ku nemi asalin inda ya fito.

Wannan ba ya nufin kaptur ba shi da amfani. Ga mai turo kuɗi, ajiye shi dabara ce mai kyau, domin yana ɗauke da lambar aikin da kwanan wata da adadi. Idan kuɗi ba su isa ba, da wannan lambar za a je ofishin kamfanin su duba a nasu rajistan. Rajistan kamfanin shi ne hujja, kaptur kuma shi ke taimaka a gano wurin da za a duba.

Yana ɗaukar har abin da ba ku nufa ba

Maɓallin ba ya zaɓe. Duk abin da ke gilashi a lokacin yana shiga: sunayen mutanen da kuke hira da su, lambobin wayarsu, ragowar kuɗin asusunku, saƙon da ya faɗo a sama daidai lokacin. Saboda haka kafin ku aika, ku buɗe hoton ku dube shi daga sama har ƙasa, ku yanke abin da ba a bukata.

Ga ƴan uwanmu da ke turo kuɗi ta kamfanoni irin su NITA da Al Izza, rasit yakan ɗauki lambar da za a karɓi kuɗin da ita, da sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Ku aika wa mai karɓar shi kaɗai. Kada ku sa a zauren WhatsApp na ƴan gari don a ga kun yi abin kirki. Wanda ya ga suna da adadi da lamba ya samu abin da zai kira tsoho ko tsohuwa da shi ya yi musu daɗin baki, ya ce daga kamfani yake.

Lambar sirri kuwa, da lambar nan mai shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, ba a ɗaukar su kaptur a aika wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikaci ne, ko da da sunan ɗan uwanku ya zo. Wanda ya samu lambar nan ta WhatsApp zai iya ƙwace muku asusun, ya shiga roƙon kuɗi wurin danginku da sunanku.

Masu zuwa sibar ko wurin buga takardu a Tasawa, Mayahi ko Maradi, ku tuna cewa hoton da aka ɗauka da Windows da Impr écran yana zama a kwamfutar bayan kun tafi. Ku kwashe naku a kile ko ku tura wa wayarku, ku goge na cikin jakar, ku zubar da kwandon shara na kwamfutar, wato Corbeille, sannan ku fita daga asusunku. Idan mai wurin ne yake yi muku aikin, ku roƙe shi ya goge a gabanku. Wannan haƙƙinku ne, ba rashin yarda ba ne.

Abin da doka ta ce

Magana zarar bunu ce, kaptur ma haka. Idan ya fita daga hannunku ba ya dawowa, ko kun goge naku. Hirar sirri tsakanin miji da mata, ko hoton ƴar mutane, ko takardar asibitin wani, yaɗa su yana iya raba aure ko ya zubar da mutuncin gida.

A Nijar akwai doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan da ake aikatawa ta intanet. Ta haɗa da ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko ya keta mutuncin ɗan Adam. An yi mata gyara a 2022, aka sake yi a watan Yuni 2024, inda aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta waɗannan hanyoyi. Akwai kuma hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan sirri na mutane. Cewa ni ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi, ba lallai ya fitar da mutum ba.

Ta ɗaya gefen kuma, idan ku ne aka zaga ko aka yi wa barazana ko aka damfara ta waya, ku ɗauki kaptur tun kafin mai laifin ya goge, ku tabbatar lambarsa da kwanan wata sun fito. Kada ku goge asalin saƙon daga wayar, domin shi ne jami'an tsaro za su fi so su gani. Ku tafi da wayar kanta wurin jandarma ko ƴan sanda.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya bayyana wa iyaye da maƙwabta da ba su karatun boko, musamman maganar duba asusu kafin a saki kaya, da maganar ɓoye lambar karɓar kuɗi. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.